Attaruhu ya ƙi fitowa, tumatir kuma yana kwanciya: ina matsalar take?

Sabuwar Mai Lambu:

Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin lambu a taimaka. Farkon Disamba na zuba irin attaruhu da na tumatir a daro biyu a tsakar gida, nan Kano. Ƙasar ƙofar gida na ɗebo na gauraya da kashin kaji. Ina ba su ruwa safe da yamma, kuma suna ƙarƙashin rumfa don kada rana ta ƙona su. Yau kwana 16, ko ɗaya attaruhun bai leƙo ba. Tumatir ya fito tun kwana shida, amma dogaye ne sirara kamar zare, kuma kullum sai na tarar wasu sun kwanta, gindinsu ya motse kamar an tsunkule da farce. In zubar in sake ne, ko akwai gyara? Sannan yaushe ake dashe?

Ɗan Fadama:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tumatirin nan lele ne ya yi masa yawa. Kwanciyar da kike gani ruɓewar gindi ce, ƙwayoyin cuta ne da ke cikin ƙasa suke cin karan daidai inda ya taɓa ƙasa. Abu uku suke so: danshin da ba ya ɗaukewa, inuwa, da cunkoso. Duk kin haɗa musu. Wanda ya kwanta ya tafi, ba ya tashi. Ki tsige shi tare da 'yar ƙasar gindinsa ki yar nesa da daron.

Tambayar farko: daron yana da huji a ƙasa? In babu, yau ki ɗora ƙusa a wuta ki huda shi wuri takwas ko goma. Ruwa kuma sau ɗaya, da safe. Kafin ki zuba, ki tura yatsa zuwa gaɓar farko. In kin ji sanyin danshi, ki bar shi sai gobe. Ruwan yamma a hunturu shi ne babban laifi, domin ƙasar takan kwana jiƙe cikin sanyi. Kada a kwarara da kofi, a yi amfani da gwangwanin da aka huda da allura don ya sauka kamar yayyafi.

Tsawon da suka yi kuwa neman haske ne. Ki fito da su su sami ranar safe, awa biyu yau, uku gobe, har su kai awa shida ko fiye. Ki rage su yadda tsakanin tsiro da tsiro zai kai faɗin yatsu biyu, sannan ki barbaɗa busasshen yashi a gindinsu don saman ya riƙa bushewa da wuri.

Kashin kaji ɗanye ba na reno ba ne, zafinsa yana ƙona saiwar jariri. In za ki sake, ga haɗin: kwano biyu na ƙasa mai laushi, ɗaya na taki da ya ruɓe har ya koma baƙi ba wari, ɗaya na yashin rafi ko ƙonannen ɓuntun shinkafa. A tankaɗe. In da hali a jiƙa haɗin kaɗan a ɗora a wuta cikin tsohuwar tukunya, a rufe ya turara kamar rabin awa, a bari ya huce sarai kafin a zuba iri.

Malamin Gona:

Hajiya, kada ki zubar da daron attaruhu tukuna. Shi dama mai nawa ne. A ƙasa mai ɗumi, digiri 25 zuwa 30, yakan ɗauki kwana 10 zuwa 21. Da zarar ta yi ƙasa da 15 sai ya kusan tsayawa cak, kuma daren Disamba a Kano yakan sauka ƙasa da haka. Tumatir ya fi shi jure sanyi, shi ya sa ya riga shi.

Ki tona gefe ɗaya da tsinke ki nemo ƙwaya biyar. In suna da tauri, ko farar saiwa ta fara tsagowa, suna da rai. In sun yi laushi suna murjewa, sun ruɓe. Ki lura da zurfin da kika same su: bai kamata ya wuce santimita ɗaya ba, wato ƙasa da faɗin farcen ɗan yatsa. Wanda aka binne da zurfi ƙarfinsa yakan ƙare a hanya.

Da rana daron ya sha rana, da magariba a shigar da shi ɗaki ko a lulluɓe da buhu. Ranar da kika ga farkon tsiro ya lanƙwaso kai, ki cire duk abin da ke kansa. Wasu za su fito da ɓawon iri maƙale a kunnuwansu, wato ƙananan ganye biyun da tsiro ke fara fitowa da su. Ɗigon ruwa a kai zai tausasa shi ya faɗi, kada ki fizge.

Ina kika samo irin?

Sabuwar Mai Lambu:

Malam, daga attaruhun cefane na cire, na shanya kwana biyu.

Malamin Gona:

To, akwai sauran bincike. Iri mai kyau sai daga ɗan da ya nuna sosai a jikin uwarsa, kuma a inuwa ake shanya shi kamar mako guda. Na kasuwa sau da yawa tun bai gama nuna ba ake tsinkarsa. In kuma asalinsa irin gwangwani ne mai alamar F1, wato wanda aka samu ta hanyar haɗa auren iri biyu daban-daban, zai iya fitowa, amma 'ya'yan ba lallai su yi kama da wanda kika saya ba.

Ki gwada ragowar: ƙwaya 10 a cikin tsumma mai danshi, a sa a leda, a ajiye wuri mai ɗumi a kicin, ana dubawa duk kwana biyu. Bayan mako biyu in bakwai ko fiye sun tsaga, irin lafiya lau. In uku ne, ki nemi wani a shagon kayan gona, ki duba ranar ƙarewar da ke jikin fakitin. Jiƙa iri a ruwa mai ɗumi-ɗumi na dare ɗaya yana rage jira, amma kada ya wuce kwana guda.

Tsohon Mai Noman Rani:

'Yata, batun dashe kada ki ƙirga kwana kawai, ki dubi ganye. Kunnuwan nan biyu na farko ba sa cikin lissafi. Tumatir sai ya yi ganye huɗu zuwa biyar, kamar mako uku zuwa huɗu da fitowa. Attaruhu sai ganye biyar ko shida, tsayin kamar tafin hannu, mako shida zuwa takwas, a wannan sanyin ma ya fi.

Saura mako guda, a rage ruwa a bar su a rana su yi ƙwari. Ranar dashe a jiƙa daron sosai da hantsi, a yi aikin bayan la'asar. Da cokali ake ɗagowa, da ƙasarsa, a riƙe ganye ba kara ba. Ganye in ya yage wani zai fito, kara in ya murje shi ke nan. Tumatir a nutsa shi har kusa da ganyen farko, saboda karansa yana fitar da saiwa, kuma hakan zai gyara miki waɗannan dogayen. Attaruhu kuwa a tsayar da shi daidai inda ƙasa ta tsaya masa a daro. In a fili ne, a bar santimita 45 zuwa 60 tsakani. In a bokiti ne, mai lita 20 da huji, tsiro ɗaya tak. A danna ƙasar a hankali, a ba ruwa nan take. Kwana biyu zuwa uku za su yi yaushi da rana su miƙe da dare, wannan ba komai ba ne. A kafa musu ɗan kwali ta ɓangaren yamma don ya tare musu rana.

Takin zamani sai bayan kwana 10 zuwa 14: NPK 15-15-15 cikin murfin kwalba ɗaya, a binne nesa da kara da faɗin yatsu huɗu, a bi da ruwa.

Ɗan Fadama:

Baba ya gama magana, sai dai ni zan so a tsallake daro gaba ɗaya. Ledar fiya wata da aka yanke baki aka huda gindi, ƙwaya biyu a kowace, daga baya a bar mai ƙarfin. Ranar dashe a tsaga ledar da reza, saiwa ko motsi ba ta yi ba, yaushin ma da kyar za a gani. Kuma Hajiya, a tsakar gida ƙadangare da kaji sun fi cuta ɓarna. Tsohon gidan sauro a kan sanduna huɗu yana tare su. A danne gefensa da bulo ta kowane ɓangare, don ƙadangare ta ƙasa yake shiga.