Taƙaitawa: Shin Ƙarin Haraji Kan Barasa Yana Rage Shanta a Tsakanin Matasa?

Ga abin da na tsamo daga wata doguwar muhawara da aka yi kan wannan tambayar.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Aljihun matashi ba shi da nauyi, don haka tsada ta fi saurin hana shi saye fiye da babba mai albashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya ƙarin haraji cikin matakai mafi arha da tasiri.

2. A ɗora harajin bisa ƙarfin mayen da ke cikin kwalba. In bisa farashi aka ɗora, barasa mai arha mai ƙarfi ce ke tsira, kuma ita yara suka fi saya. Wannan batun, a ganina, ya fi kowanne muhimmanci.

3. A riƙa ɗaga shi yadda farashin kaya ke hawa. Amurka ba ta ƙara harajin tarayya kan giya ba tun 1991, har ƙarfinsa ya zaizaye.

Inda aka rabu:

4. Jamus ta sanya haraji na musamman kan barasa mai zaƙi a 2004. Cinikinta ya faɗi, amma wasu matasa suka koma wasu nau'o'in. Wasu suka ce shi ya sa harajin ya kamata ya shafi kowace iri.

5. Wasu sun fi son tsarin Sikotland na 2018, wanda ya ƙayyade mafi ƙarancin farashi. Masu suka suka ce rarar kuɗin tana shiga aljihun 'yan kasuwa maimakon baitulmali.

6. Akwai masu fargabar tsada ta tura yara ga ta fasa-ƙwauri ko haɗin gida, wadda wani lokaci ke ɗauke da gubar metanol mai makantarwa da kisa.