'Ya'yana biyu sun saɓa kan ibada, ina neman shawara

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Daga Sakkwato nake, kusa da Hubbaren Shehu. 'Ya'yana maza biyu ne suka hana ni barci. Babban, da an fara zikiri sai hawaye, ba ya tambayar komai. Ƙaramin kuwa sai ya ji hujja: wace aya, wane hadisi? Salla ba ta wuce shi, amma zaman zikiri yana gundurarsa. Yanzu wan yana ce masa mai busasshiyar zuciya, har sun daina cin tuwo kwano ɗaya. Malaminsu ya yi musu nasiha, ba ta kama ba. Don Allah, bambancin hali ne wannan ko na aƙida? Ta ina zan fara sasanta su?