Abin da ya cancanci kuɗinka a kanti idan ka bar nama

An tattauna a Gusau kan abin da marar cin nama zai saya a manyan kantuna, kuma bakin mutane ya zo ɗaya: kada ka biya tsada kan abin da kasuwa ke da shi. Wake, riɗi, kuli-kuli, busasshen zogale da daddawar kalwa duk sun fi arha a wurin masu awo. Awara kuwa, ta cikin unguwa da zafinta da yajinta ta fi.

Abin da aka ce a nema a kanti shi ne adas, wani ɗan ƙaramin wake mai faɗi, don yana nuna da wuri ba sai an jiƙa ba, sai kuskus da man zaitun. An fi daɗewa kan dunƙulen miya: a juya kwali a karanta, domin wasu na ɗauke da kitsen kaza ko garin kifi. Wasu alewa masu danƙo ma da sinadarin ƙashi da fatar dabba ake haɗa su.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ja kunne cewa hatsi da ganye ba sa ba da bitamin B12. Wanda bai bar shan nono ba, sai ya riƙe kindirmo da ƙwai, wanda ya bari ya nemi ƙwayar bitamin ɗin a kemis.