Manhajata ta ƙi haɗuwa da PostgreSQL a cikin Docker

Ɗan Bukuru: Assalamu alaikum malamai. Ina haɗa manhajar Node.js da rumbun bayanai na PostgreSQL a laftop mai RAM 8GB, Windows da WSL2 (Linux da ke aiki a cikin Windows). Da na kunna `docker compose up` sai ya ce `ECONNREFUSED 127.0.0.1:5432`. Don Allah ina matsalar take?

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam ƙanena. A cikin kwantena (keɓaɓɓen akwatin da Docker ke gudanar da manhaja a ciki), `localhost` kwantenar ce kanta, ba laftop ɗinka ba. A `DATABASE_URL` cire `localhost`, ka sa sunan da ka ba rumbun bayanan a fayil ɗin compose, misali `db:5432`. Ka ajiye shi a `.env`, ka kuma sa `.env` a `.gitignore` kada kalmar sirri ta hau GitHub.

Malam na Tudun Wada: Gaskiya Hajiya ta faɗa, amma akwai saura. `depends_on` kaɗai ba ya jiran PostgreSQL ya gama shiri, manhajar kan riga shi tashi ta faɗi. Ƙara `healthcheck` da `pg_isready`, sannan `condition: service_healthy`. Idan kuma ka taɓa girka PostgreSQL a Windows, mai yiwuwa ya riga ya kama ƙofar sadarwa (port) 5432; mayar da naka `5433:5432`.

Kada ka manta da `volume` (ma'ajiyar bayanai a wajen kwantena), in ba haka ba bayan `docker compose down` ba za ka tarar da bayananka ba idan ka sake kunnawa.

Injiniya Rayfield: Da 8GB ɗin nan, rubuta `memory=4GB` a `.wslconfig`, ka yi `wsl --shutdown`. WSL2 akwai cin RAM.

Ɗan Bukuru: Ya tashi! Allah ya saka da alheri.