Ɗaga ƙarfe lokacin rage ƙiba: abin da aka tattauna

Jama'a hirar nan da aka yi kan yadda za a rage ƙiba ba tare da tsoka ta zube ba ta yi tsawo sosai, bari in tattaro muku abin da na tsinta.

Inda kusan kowa ya yarda:

1. Kar a zabge abinci da yawa lokaci ɗaya. Ragin kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) 300 zuwa 500 a rana ya isa, wanda ya koma shan ruwan zafi da lemun tsami kawai to tsokarsa ce za ta fara tafiya tare da kitsen.

2. Furotin, wato sinadarin abinci mai gina tsoka, nan aka fi daɗewa. An ce wajen giram 1.6 a kowane kilo na nauyin jiki, wato mai kilo 80 yana neman kusan giram 130 a rana, kuma furotin ɗin ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai fa, don haka sai an haɗa da wake, awara, kifi, kindirmo, nama in aljihu ya yarda. A rage tuwo da shinkafa, ba miya ba.

3. A ci gaba da ɗaga ƙarfe mai nauyi, sau 2 ko 3 a sati.

4. Barci awa 7 zuwa sama.

Inda aka rabu: wasu sun ce tsoka ba ta ƙaruwa in ana rage ci, iyaka ka riƙe wadda kake da ita. Wasu suka ce sabon shiga da mai ƙiba sosai suna ƙarawa, ni ma nan na fi karkata gaskiya. Batun gudu ma an ja, masu cewa yana cin tsoka da masu cewa tafiyar ƙafa ta wadatar.

Sikeli kuma an ce kar a hau kullum, a riƙa auna ƙugu da tef.