Tozon raƙumi ya kunyata ni a aji, ku taya ni tace sauran

Malam Na Aji Uku ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo. Duk ranar Alhamis, minti goma kafin a kaɗa ƙararrawar tashi, nakan yi wa 'yan aji uku wani abu da muka sa wa suna "ko kun san?". In kawo abin mamaki guda, mu tattauna, wanda ya fi ba da bayani mai ma'ana ya samu biro. Ba zan ɓoye muku ba, yawancinsu a WhatsApp nake tsinto su.

Makon jiya na tsaya gaban allo da ƙarfina na ce raƙumi a tozonsa yake tara ruwa, shi ya sa yake kwana da kwanaki bai sha ba. Har zane na yi, na cika tozon da ɗigo-ɗigo da alli. Sai wani yaro a bencin baya, wanda ba na jin muryarsa sai wajen kiran suna, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, gidanmu fawa ake yi. Na ga an feɗe raƙumi ya fi a ƙirga. Kitse ne a ciki." Aji ya yi tsit, can kuma aka bushe da dariya. Na ce masa zan bincika, kuma duk malamin da ke nan ya san fassarar wannan maganar.

Ga sauran da na rubuta a bayan littafin darasi, kafin in sake zubar da girmana. An ce ganuwar ƙasar Sin ce kaɗai ginin ɗan'adam da ake hangowa daga duniyar wata. An ce jimina in ta tsorata kanta take tusawa cikin rairayi. An ce aradu ba ta faɗa wa wuri ɗaya sau biyu. Sai wanda ni kaina na ɗauka zuƙi ta malle ce, wai ƙurar hunturun nan da ke fasa mana leɓe ita ce takin dajin Amazon da ke Kudancin Amurka. Wanne ne gaskiya? Kuma don Allah wanda ya san wani abin mamaki na ƙasarmu ya taimaka, yaran sun gaji da jin labarin dusar ƙanƙarar da ba su taɓa gani ba.

Tsohon Mahauci ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, yaronka ya yi gaskiya, ka ba shi bironsa. Shekara talatin da wani abu ina sayo raƙuma a Maigatari, ban taɓa tsaga tozo ruwa ya zubo ba. Kai ma ka yi tunani mana, tozon sa da kake saya wajen mai balangu, ka taɓa ganin ruwa a ciki? Na raƙumi ma ya fi shi zama kitse zalla. Mu da shi muke gane lafiyar dabba tun daga nesa. In tozo ya miƙe ya cika, ta ci ta ƙoshi. In ya kwanta gefe guda kamar hular da ta sha ruwa, ta sha yunwa ko doguwar tafiya, sai ka rage kuɗi.

Batun ruwa kuwa, abin da idona ya gani shi ne raƙumi ba ya asararsa. Kashinsa a bushe yake fitowa, har ana hura wuta da shi. Fitsarinsa kaɗan ne, mai kauri. In kuma ya samu rijiya bayan ƙishi, zai iya shanye lita ɗari kafin ka gama cinikin akuya. Jikata ce ke rubuta mini wannan, tana karatun likitan dabbobi, ta ce in ƙara maka da cewa ƙwayoyin jininsa ba zagayayyu ba ne irin namu, siffar ƙwai gare su, shi ya sa jinin ke gudana ko ya yi kauri, kuma ba sa fashewa in ya kwankwaɗi ruwa da yawa a lokaci guda. Wannan nata ne, ni wuƙa na sani.

Maman Ikram ta amsa:

Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya. Malam, abin dariyar shi ne wanda ka ɗauka ƙarya shi ne gaskiya, sauran ukun kuma ka soke su.

Ganuwar Sin tsawo gare ta, ba faɗi ba. Faɗinta bai wuce na titi ba, launinta kuma irin na ƙasar da ke kewaye da ita, ga wata yana nesa da mu da kilomita kusan 384,000. Ɗan sama jannatin Sin na farko, Yang Liwei, da ya dawo a 2003 ya ce bai gan ta ba, alhali shi kusa-kusa ya zagaya, bai je ko'ina kusa da wata ba. Jimina kuma a rami take ƙwai, takan sunkuya ta juya ƙwan da baki, wanda ya hango daga nesa sai ya ga kamar ta binne kai. In kana son na gaske game da ita, idonta ya fi ƙwaƙwalwarta girma. Aradu kuwa wuri mai tsawo take nema, ko sau nawa ne. Dogon benen nan na New York, Empire State, tana faɗa masa wajen sau ashirin a shekara.

Yanzu ƙura, wadda a kanta na yi aikin kammala digirina. A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, kudu da duwatsun Tibesti. Dubban shekaru da suka wuce ƙarƙashin ruwa yake, lokacin da Tafkin Chadi ya ninka na yanzu nesa ba kusa ba. Da ruwan ya janye sai ya bar farar ƙasa mai laushi, ragowar wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani. Iskar arewa maso gabas tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, kamar yadda iska ke ƙara ƙarfi a lungu, sai ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. Kaso mai yawa na hazon da ke hana jirgi sauka a Kano daga wannan yankin yake tasowa. Wanda bai sauka a kanmu ba yana wucewa ya haye Tekun Atlantika. A 2015 masana a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara kowace shekara, wajen tan miliyan 27 daga ciki na sauka a yankin Amazon, ɗauke da sinadarin fosfaras kusan tan 22,000, wanda ke maye gurbin wanda ruwan sama ke wankewa daga ƙasar dajin. Amma ka kiyaye, lissafin na Sahara ne gaba ɗaya, kada ka ce wa yara duk daga Bodele ne, wani ɗan bencin baya ya sake kama ka.

Na ƙasarmu kuwa, ban ga wanda ya kai kwalekwalen Dufuna ba. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da itace a zurfin mita biyar. Da masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita takwas da ɗoriya, shekarunsa wajen 8,000. Babu wanda aka samu a Afirka da ya kai shi daɗewa, ya girmi dalar Masar da dubban shekaru. Ka tambayi yaran me kwalekwale yake yi a inda yau sai an haƙa rijiya, amsar za ta mayar da su kan wancan tsohon tafkin.

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Malam ina gaisuwa. Mu nan namu raƙumin dawa ne. A Kure, kilomita wajen sittin daga Yamai, ragowar na Afirka ta Yamma suke, suna yawo cikin gonakin mutane suna cin ganyen wake. A 1996 saura 49 kacal, da aka tsare su suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jiharmu. Ka tambayi yara ƙashin wuyansa nawa ne. Za su ce hamsin. Bakwai ne, daidai da naka da nawa, kowanne ne dai dogo.

Sai shamuwa. Ina take zuwa in damina ta wuce? Kudancin Afirka take bin ruwa, wajen su Zambiya da Zimbabuwe, in an fara hadari a nan ta dawo. Turawa ma sun daɗe cikin duhu kan tsuntsayensu, wasu na cewa cikin laka suke ɓuya lokacin sanyi. A 1822 aka harbo wata 'yar'uwar shamuwa, fara mai jan baki, a arewacin Jamus, da kibiyar Afirka soke a wuyanta. Da ita ta yi duk tafiyar. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock da kibiyar tata. Wani maharbi dai ya koma gida ranar yana cizon yatsa, bai san ya aika wasiƙa ba.

Sarkin Musu ya amsa:

To yanzu mu ma ta yaya Malam zai san ba WhatsApp ɗin muka kwaso masa ba? Ni dai in ni ne, wanda yara za su gwada da kansu zan kai. In an yi walƙiya su ƙirga daƙiƙa har su ji tsawa, duk daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. Ko ka kai randa aji. Ruwa na tsatsafowa ta jikin yumɓu, iska na busar da shi, yana tafiya da zafi, shi ya sa ta fi sanyi da rani fiye da damina. Wani malami a Dutse, Mohammed Bah Abba, tukunya ya sa cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, gautar da ke lalacewa a kwana 3 ta kai 27, aka ba shi lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000.

Malam Na Aji Uku ya dawo:

Na gode ƙwarai, Baba a gaida jika. Sarkin Musu, yau dai musunka ya yi rana.

Jiya Alhamis na shiga aji na goge maganata da bakina, na kira yaron gaban allo na miƙa masa alli. Wallahi ban san yana magana haka ba. Ya zana tozo ya nuna inda ake fara yanka, ya ce babarsa narka kitsen take yi, kuma mutane na zuwa nema don shafawa. Minti goman ba su ishe mu ba, aka kaɗa ƙararrawa babu wanda ya motsa. Kwalekwalen Dufuna na ajiye sai mako mai zuwa, Maman Ikram.

Na sayo tukwane biyu a kasuwa, babba da ƙarama, naira dubu biyu da ɗari biyar bayan dogon ciniki, yara za su kawo yashi ranar Litinin. Za mu sa tumatir biyar a ciki, biyar a kan taga, mu riƙa dubawa kullum. Damuwata ɗaya maigadi, don ya riga ya tambaye ni ko tumatirin na da mai shi. Wanda ya taɓa haɗa irin wannan, sau nawa ake jiƙa yashin a rana?