'Yar shekara uku ta shiga nazare, kwana shida ana kuka a bakin get: me ake yi?

Uwar Biyu, Tumfure:

Assalamu alaikum. Malaman nazare da ma'aikatan lafiya da ke nan, a taimaka da shawara. Yarinya ce 'yar shekara uku da wata biyu, an sa ta Nazare 1 a wannan zangon na Satumba, yau kwana shida. Ana shiga bakwai da rabi, a tashe su sha biyu da rabi. Kullum kuka take tun daga sa yunifom har bakin get, ta ƙanƙame hijabi sai an ɓamɓare ta. Abincin da aka zuba mata a kula yadda ya tafi haka yake dawowa. Sau biyu ta dawo da jiƙaƙƙen wando, alhali ta daɗe da daina fitsari a wando, da dare kuma ta fara farkawa. A gida Fulatanci da Hausa ake yi, makarantar kuwa Turanci. Kakarta ta ce a cire ta sai baɗi, babanta ya ce a riƙa ajiye ta a sulale. Wanne za a bi? Kuma sai an kai kwana nawa za a ce abin ya wuce misali?

Malamar Nazare, Jekadafari:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, sannu da fama. Kwana shida ba a yi nisa ba. Yawancin yaran wannan shekarun sukan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin su saba, kuma abin ba ya tafiya a miƙe: ranar Litinin ta fi ta Alhamis wuya, bayan hutun rabin zango ko bayan jinya ma yakan ɗan dawo.

Kukan bakin get ba shi ne ma'auni ba. Ki tambayi Antin ajinsu abu uku, ki nemi amsa da lamba, kada ki tsaya a "tana lafiya". Minti nawa take yi tana kuka bayan kin tafi? Ta taɓa kayan wasa ko ta shiga waƙa? Ta sha ruwa, ta je banɗaki? In kukan yana tsayawa cikin minti goma zuwa ashirin, kuma yana raguwa daga sati zuwa sati, to ana kan hanya.

Maganar sulalewa kuwa, a ba Baba haƙuri, kada a yi. Ranar farko takan yi aiki, shi ya sa ake son ta. Amma yarinyar da ta waiga ta ga babu ke, abin da ta koya shi ne in ta ɗauke ido za ki ɓace. Daga nan sai ta daina ɗauke ido: ta bi ki kicin, ta bi ki ƙofar banɗaki, ta farka da dare ta laluba ko kina nan. Ki yi sallama a fili, amma kada ta wuce minti biyu. Ki durƙusa daidai tsayinta, ki rungume ta sau ɗaya, ki faɗi magana iri ɗaya kullum, ki miƙa ta hannun mutum ɗaya, ki juya. Ban da dawowa don kukan ya ƙaru, ban da leƙe ta taga. Duk dawowar da kika yi, rabuwa ta biyu kika jawo mata.

Kada ki ce "yanzu zan dawo" ko "anjima", yaro bai san anjima ba. Ki ɗaura lokacin a kan abin da take gani: "in kun ci abinci kun yi waƙar tashi, za ki gan ni a bakin get." Sai ki cika alkawarin, ki iso minti goma kafin tashi. Da safe ma ku isa bakwai da kwata, kafin hayaniyar asambuli da ganga, lokacin Anti tana da hannun karɓarta. Yaron da aka kawo a makare cikin cunkoso ya fi daɗewa yana kuka.

Wani hankici ko ƙaramin ɗankwalinki mai ƙamshin turarenki, a sa mata a aljihun jaka. Kuma a gargaɗi 'yan gida, musamman yayye da masu aiki, su bar cewa "zan haɗa ki da Anti ta zane ki". Ba a tsorata yaro da wuri da daddare sannan a sa ran ya shiga da dariya da safe.

Kan harshe, ki rubuta wa Anti kalmomi biyar yadda yarinyar ke faɗinsu a gida: ruwa, fitsari, kashi, ciwo, da sunan da take kiranki. Sau da yawa yaro ya faɗi bukatarsa, ba a dai gane ba ne.

Ma'aikaciyar Lafiya, Pantami:

Malama ta gama da bakin get, bari in ɗora da na jiki. Fara da barci, don rabin kukan safe gajiya ce. Yaro mai shekara uku zuwa biyar yana bukatar awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya, har da na rana. Ki yi lissafi: in ana tashinta ƙarfe shida, to takwas na dare ta kasance ta yi barci, ga awa goma, a ƙara awa ɗaya bayan azahar. In ta saba kaiwa goma na dare, ba a janyo ta lokaci guda. A matso da minti goma sha biyar duk bayan kwana biyu. Barcin rana kada ya zarce la'asar, in ba haka ba dare ya lalace. A ɗauke waya da talabijin awa ɗaya kafin kwanciya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagoranta na 2019, ta ce kallo ga masu shekara uku zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a yini. In an yi niyyar sa ta Islamiyyar yamma ma, a jinkirta sati biyu ko uku, kada a haɗa mata sababbin wurare biyu a lokaci ɗaya.

Fitsarin wando a satin farko ba koma-baya ba ne a mafi yawan lokuta. Dalilansa ƙanana ne: zif ko maɓalli ko bel da ba ta iya kwancewa, banɗakin da ba irin na gida ba, rashin buta, ko kunyar ɗaga hannu. A ɗinka wando ko siket mai roba a ƙugu. Ta yi fitsari kafin fita gida, a roƙi nani ta kai ta da kanta wajen tara da kuma sha ɗaya, ba sai ta nema ba. A jaka a sa kamfai biyu, wando ɗaya da leda, duk da sunanta. Ban da faɗa. Amma in tana kukan zafi wajen fitsari, ko da zazzaɓi, ko tana yawan fitsari da ƙishirwa tana ramewa, wannan na asibiti ne. A lura da bahaya ma: yaron da ke riƙe kashi don tsoron banɗakin makaranta, cikinsa kan ɗaure, ɗaurewar kuma tana jawo fitsarin wando.

Abinci: ki dogara da karin safe a gida, kunu ko koko da ƙosai, ko shayi da burodi da ƙwai. Na makaranta ya zama kaɗan, abin da ta sani kuma take ci da hannu: masa biyu, dafaffen dankali, rabin ayaba, ƙwai da aka ɓare. Kula cike da shinkafa da miya sai ta karya mata gwiwa tun kafin ta fara. Ku gwada a gida ko tana iya buɗe murfin kular da na gorar ruwa da kanta. Abinci da yawa yana dawowa ne don murfi ya ƙi buɗuwa. Gyaɗa, aya, gugguru, alawa mai tauri da dabino mai ƙwallo kada su shiga jakar 'yar shekara uku, suna shaƙe yara.

Sai ki shirya wa mura, zangon farko ba ya rasa ta. Ƙarshen damina kuma lokacin maleriya ne, a ci gaba da gidan sauro, in masu rabon maganin rigakafin maleriya na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun zo, a cika kwana ukun. Duk zazzaɓin da ya kai digiri 38 a yi gwajin jini kafin magani, ta zauna gida har ta yi yini da kwana babu zazzaɓi ba tare da farasitamol ba. Ki duba katin rigakafi ki tabbatar an yi allurar ƙyanda ta biyu, wadda ake yi a wata 15. Ita aka fi mantawa.

Tsohon Hedimasta, Bolari:

Hajiya, duk na yarda da su, sai dai kada a yi saurin watsar da maganar kaka. Shekara uku ba dole ba ce. A tsarin gwamnati ajin share fage shekara ɗaya ne ga ɗan shekara biyar, firamare a shida. Ba wanda ya faɗi jarrabawar kammala sakandare don bai yi Nazare 1 ba.

Abin da ba a tambaya ba shi ne ajin kansa. Ki nemi izini ki shiga ki ƙirga yara, ki ƙirga manya. Yara arba'in da Anti ɗaya ba nani, ko mala'ika ce ba za ta iya rarrashin kowa ba. Ki duba ko akwai bulala a kan tebur, ko akwai tabarma da wurin wasa mai inuwa, ko kuwa an jera su a benci awa biyar ana kwafar ɗaya zuwa ɗari. Hannun ɗan shekara uku bai gama ƙwari don riƙe fensir na dogon lokaci ba; nasa shi ne zane da babban kala, yaga takarda, ginin ƙasa, waƙa. Mu iyaye ma da laifinmu, mu ne muke auna makaranta da yawan aikin gida. Game da Turanci zalla, manufar ilimi ta ƙasa a bugunta na 1977 ta ce a wannan matakin a fi amfani da harshen uwa ko na yankin, kafin gwamnatin tarayya ta soke wannan tsarin a 2025. Makarantar da ke hukunta ɗan nazare don ya yi Hausa, a yi mata kallo na biyu.

Tsakanin cirewa da dagewa akwai hanya: a ɗauke ta ƙarfe goma na sati ɗaya, sha ɗaya a sati na biyu, sannan cikakken lokaci. Amma ta je kullum. Zuwa yau, fashi gobe, shi ke mayar da kowace safiya ranar farko. In an kai sati shida tana kuka yini guda, ko ta daina magana, ko tana firgita da sunan mutum ɗaya takamaimai, ko an ga shaida a jikinta, to a zauna da shugabar makaranta a ranar, kuma cirewa ba abin kunya ba ne. Sannan a watan farko kada a haɗa ta da mai Keke ita kaɗai. A ba makaranta sunayen mutum biyu da aka yarda su ɗauke ta, a rubuce.

Uwar Biyu, Tumfure:

Allah ya saka da alheri. An tambayi Anti: kukan safe bai kai minti goma sha biyar ba, amma wajen sha biyu sai ta sake. Su ashirin da biyu ne, Anti da nani. Banɗakin na zama ne, na gida na tsugunno. Anti ta ce a mayar mata da famfas kafin ta saba. A yi?

Malamar Nazare, Jekadafari:

Kada a mayar, 'yar'uwa. Famfas sauƙin nani ne, yarinyar kuma zai nuna mata cewa a makaranta a wando ake yi, cire shi daga baya ya fi wannan wahala. Matsalar banɗakin ce: ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, tana jin kamar za ta faɗa ciki, ga ƙarar ruwa in an ja. Ki kai ƙaramin fo irin na gida da ƙaramar buta, a rubuta suna, ko a sa mata ɗan benci ta taka. Gobe in kin zo ɗaukarta, ku shiga banɗakin tare, ta zauna kina riƙe da ita, a bar jan ruwa sai ta fito. Ku maimaita kwana uku.

Kukan sha biyu kuwa na ganin iyayen wasu ne sun fara zuwa, ga yunwa ga barci. Ki roƙi Anti ta ba ta ɗan aiki a wannan lokacin, kamar tattara kala a kwando, kuma ta zaunar da ita nesa da ƙofa. In kin ɗauke ta, ruwa da rabin ayaba tukuna, tambayoyi sai an isa gida.